Na sayi kan jirgi babu tenda, ashe ran jirgin yana cikinta

Baban Sadiku:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙe ba na cewa uffan, yau dai wuya ta fito da ni.

A Bradford nake zaune, shekara shida ke nan, tuƙin bas nake yi. Wannan harka ta ƙananan jiragen ƙasa ɗana Sadiku ne ya jefa ni cikinta. Hutun bara na kai shi gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York, da niyyar mu zaga awa ɗaya mu ci abinci mu dawo. Yaro ya je gaban wani kan jirgi kore shar, mai kambun jan ƙarfe a bakin bututun hayaƙi, ya kafe. Evening Star, lamba 92220, kan jirgi mai kwal na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta ƙera, a Swindon, 1960. Ya duƙa ya ƙirga ƙafafu, ya zaga ɗaya gefen ya sake ƙirgawa, ya ce "Baba, manya goma ne, ƙanana biyu a gaba." Tun daga ranar ban huta ba.

Abin da muke da shi a gida ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata tsohuwar ƙofa ce na ɗora a kan ƙafafu a ɗakin sama, na shimfiɗa mata layin OO (wani ma'aunin girman ƙananan jiragen ne) zagaye ɗaya da ɗan reshe, da ƙaramin kan jirgi mai ƙafa shida da taragu biyar. Uwarsa na kiran wurin "tashar Baba da ɗa".

Wata Lahadi na je irin kasuwar gwanjon kayan wasan nan da ake ci a zauren wasanni. Ƙarƙashin teburin wani tsoho akwai kwali cike da tarkace, ina tonawa sai ga shi: ƙaramin Evening Star na kamfanin Hornby, fentinsa bai ko ƙuje ba, sandunan ƙafa duk cikakku, an rubuta ƙirar Birtaniya a ƙasansa. Fam 12. Tsohon bai ɓoye mini komai ba, ya ce babu tenda, wato taragon nan na kwal da ruwa da ke maƙale a bayan kan jirgi. Ni kuwa a raina na ce to mene ne a ciki? Ai akwati ne mai ƙafa shida, ko ina zan samu. Na biya har ina jin na cuci bawan Allah.

Na zo gida, Sadiku na tsalle, na ɗora shi a layi, na murɗa wuta. Shiru. Na goge layi, na goge ƙafafu, na sake murɗawa. Ko gezau. Na kifa shi na kwance noti na ɗaga gangar jikin, sai na tarar cikin wayam yake, babu inji, sai ƙarfen da ke ba shi nauyi. Sai a lokacin na gane irin kallon da tsohon ya yi mini. Injin lantarkin da ke tuƙa jirgin gaba ɗaya a cikin tendar yake. Gangar jiki na sayo, ran yana can inda Allah ya kai shi.

Yau wata uku ina nema. Na sha ganin tendar a shafukan gwanjo, amma ko dai ƙoƙon sama ne kawai babu gindi, ko gindi ne an cire injin, ko kuma kuɗin da ake nema ya kai na cikakken jirgi. Sau ɗaya na yi gaggawa na saya daga wani mutum da ya sa hoto ɗaya tal mai duhu. Da ta iso sai ga ta baƙa, kyakkyawa ƙwarai, amma babu inji, sai wani ɗan soket mai huda huɗu a ƙasanta. Fam 20 ta tafi. Tana nan kan taga tana kallona.

To 'yan'uwa, ina ake samun irin wannan abu? Dole ne sai ta Evening Star ɗin, ko ta wani jirgin za ta hau? Kuma in na ga wata a hoto, me zan duba don kada a sake maimaita ta baya? Yaron yana tura jirgin da hannu yana yi masa ƙarar da baki, abin yana taɓa ni.

Malam Na-Tasha:

Wa alaikumus salam Baban Sadiku. Ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya daɗe a wannan harka bai taɓa sayen gangar jiki ba. Ni nawa na farko ma biyu na saya rana guda.

Abin da ke hannunka tsohuwar ƙira ce ta zamanin da Hornby ke aiki a Margate, kafin a mayar da aikin ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1990. Evening Star ɗinsu ya fara fitowa ne a 1971, kuma a cikin tenda suka sa injin, wani mai zagaye kamar waina da ake kira Ringfield. Tendar ce ke tura kan jirgin a gaba ta ja taragu a baya. Shi ya sa za ka ga kwal ɗin roba da ke kanta ya yi tozo, injin yake rufewa. Wadda ka saya ta fam 20 ta sabuwar ƙira ce, inda injin ke cikin kan jirgin, tendar kuma ta ɗauki lasifika da allon DCC, wato na'urar sarrafa jirgi ta dijital. Ba za su taɓa haɗuwa da naka ba. Amma kada ka yar, akwai masu nemanta kamar yadda kake neman taka.

Kafin ka sake fitar da ko sisi, kifa naka ka dubi bayansa, ƙarƙashin ɗakin direba. In ka ga sandar haɗi mai huda, da wasu 'yan harsuna biyu na tagulla a bakin hudar, to naka irin wanda ya fi yawa ne. Yadda yake aiki: ƙafafun kan jirgin suna ɗaukar wuta daga ƙarfen layi ɗaya, ta bi ta sandar, harsunan su kama wani fegin ƙarfe da ke gaban tendar. Ita kuma tendar ta ɗauko daga ɗaya ƙarfen layin. Sai an haɗa biyun wuta ke zagayawa. In kuwa guntayen waya ka gani an yanke, to na farko-farko ne, waɗanda aka ɗaure kai da tenda da waya. Wannan ma yana gyaruwa, sai dai ka koyi liƙi da dalma.

Yanzu maganar inda ake samu. Zan faɗa maka abin da ya ɗauke ni shekaru kafin na yarda da shi: daina neman tenda. Nemi mataccen jirgi. Duk wanda ya raba tenda da kanta ya sa ta kasuwa ita kaɗai, ya san akwai irinku masu nema ido rufe, don haka zai tsuga kuɗi. Amma wanda ya kwaso kayan mahaifinsa daga silin, ya ga jirgi da karyayyen bututu da sandunan ƙafa a lanƙwashe, shi a wurinsa shara ce. Zai rubuta cewa ba ya aiki, a saya don gyara ko a cire kaya. Waɗannan za ka bi. Sau da yawa kan jirgin ne ya faɗo daga tebur ya fashe, tendar lafiyarta ƙalau. Ka ɗauki tendar, ragowar kuma ka ajiye, wata rana za ka nemi noti ɗaya ka gode wa Allah.

Kuma ba lallai sai mataccen Evening Star ba. Duk wani 9F, wato ajin jiragen da Evening Star ke ciki, na Hornby na wancan zamani zai yi, ko da baƙi ne. Gindin nan mai ƙafa shida sun yi amfani da danginsa a wasu jiragen kamar Britannia da Black Five, amma kada ka dogara da ido. Kowane jirginsu yana da takardar gyara mai zanen kayan ciki, kowane abu da lambarsa mai farawa da X. Ana samun takardun kyauta a intanet. Nemo ta 9F, ka kwatanta lambar gindin.

In ka ga wata a hoto, ka ce mai ita ya kifa ta ya ɗauko maka ƙasa. Ka ƙirga haƙoran da ke juya ƙafafu a gefe, ka ga babu wanda ya faɗi. Ka duba fegin gaba yana nan. Ka duba 'yan hannuwan ƙarfe biyu da ke danne burushin kabon a fuskar injin. Zoben robar da ke ƙafafu kuwa kada ya dame ka, kusan kullum ya bushe ko ya tsinke, kuma sabo ba shi da tsada. Peters Spares da ke Middlesbrough suna da irin waɗannan ƙananan kaya, zobe da burushi da sifirin. Da can Hattons na Liverpool ma wurin tonon kayan hannu ne, amma sun rufe a farkon 2024. Rails of Sheffield suna nan, kuma ba su da nisa da kai.

Abu na ƙarshe: ka koma kasuwar nan, ka yi sammako, ka tafi da kan jirgin a aljihu. Kwalayen ƙarƙashin tebur su ne kasuwar gaske. Abin da ke sama na 'yan kallo ne.

Ɗan Lissafi:

Malam ya gama magana a kan inji, Allah ya ƙara basira. Ni a kan ƙoƙon sama zan sa baki, don na ga an ce "ko da baƙi ne zai yi", sai gabana ya faɗi.

9F guda 251 aka ƙera tsakanin 1954 da 1960, a Crewe da Swindon, kuma ba tenda iri ɗaya suka ja ba. Gindin ɗaya ne, amma jikin ya bambanta gwargwadon yankin da aka tura jirgin. Evening Star na yankin yamma ne, tendarsa BR1G: ruwa galan 5,000, kwal tan 7. Alamarta ita ce rumbun kwal ɗin ya shige ciki daga gefe, kamar an yi mata kafaɗa, don direba ya riƙa hango layi idan jirgin na tafiya da baya. Na yankin gabas yawanci BR1F suka ja, mai dogon bango, galan 5,625. Na yankin tsakiya BR1C, ruwa galan 4,725 amma kwal tan 9. Guda goman nan da ke haurar da ƙasar ƙarfe daga Tyne Dock zuwa Consett kuma BR1B. Har akwai guda uku, 92165 zuwa 92167, da aka sa wa injin tura kwal cikin wuta, tasu tendar daban ce, BR1K.

Wani zai ce wannan duk ƙaƙale ne. To ba ado aka yi ba. Nauyin da tenda za ta ɗauka yana da iyaka, in ka ƙara kwal sai ka rage ruwa. Layukan da ke da kwamin ruwa a tsakiyar dogo, wanda John Ramsbottom ya ƙirƙiro a 1860, jirgi na gudu fayaman, wato mai zuba kwal a wuta, zai sauke wani ludayi daga ƙarƙashin tenda ya kamfaci ruwa ba tare da an tsaya ba. Yankin kudu ba shi da wannan kwami ko ɗaya, shi ya sa jiragen da aka tura can aka ba su tenda mai babban ciki. Ka ga ke nan daga siffar tenda za ka iya sanin inda jirgi ya yi aiki.

Abin da nake nufi, Baban Sadiku, yaron da ya duƙa ya ƙirga ƙafafu sau biyu ba za ka maƙala masa ko wace iri ya yi shiru ba. Ka nemi mai kafaɗa, kore, da layin ado baƙi da ruwan lemo.

Kuma a kula da ma'auni. OO milimita 4 ne a madadin kowace ƙafa ɗaya ta awo (inci 12) a jirgin gaske, wato 1:76. HO na Amurka da sauran Turai 1:87 ne. Layinsu ɗaya, milimita 16.5, don haka tendar HO za ta hau layinka lafiya lau, amma a bayan kan jirgin OO za ta zama kamar ɗan akuya na bin raƙumi.

Ɗan Fayaman:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna mini wannan hira a wayarta, na ce ta rubuta mini abin da zan faɗa, don idona ba ya ganin ƙananan haruffa.

Ku da ke Ingila kuna kukan daɗi. Naku jirgin an buga dubbai, matsalarku kawai ku gano wanda ya ɓoye a silin. Ni wanda nake so ban taɓa ganinsa a kanti ba, kan jirgin da tendar duka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fayaman ne a reluwe, a Zariya ya yi yawancin aikinsa. A kwatas ɗin reluwe na tashi. Jiragen da na buɗe ido na gani su ne waɗanda aka sa wa sunayen koguna, masu ƙafa biyu a gaba, takwas manya, biyu a baya. A Birtaniyar taku aka ƙera su, na farkon a Vulcan Foundry cikin 1948. Tendarsu ƙafa takwas ce, huɗu gaba huɗu baya. Kwal daga Inugu ake kawo shi. Mutane suna kallon kan jirgi su yaba direba, amma mu 'ya'yan fayaman tenda muka sani, don nan ne wurin aikin ubanmu. Daga bakinta yake ɗibar kwal da shebur ya juya ya watsa a wuta, tun daga tashi har isa. In kwal ya ja baya sai ya hau ya turo shi gaba. In an tsaya shan ruwa shi ne zai hau bayanta ya buɗe murfi ya jawo bututu. Yakan dawo gida haƙora da ido kaɗai ke fari.

Da na yi ritaya daga koyarwa na ce sai na ƙera wannan jirgi ƙarami kafin na mutu. Faɗin layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, bai kai na Ingila ba. Wani ɗalibina ya yi mini lissafi ya ce in na yi jikin a ma'aunin 1:64, layin nan naku na milimita 16.5 zai yi daidai, kuma haka masu wannan sha'awa ke yi a New Zealand, don layinsu irin namu ne. Ya aiko mini da gindin wani jirgin Amurka mai jerin ƙafa irin wannan. Tendar kuwa da hannuna na yi ta. Gwangwanin madara na buɗe na miƙar, na yanka da almakashin tela, na kai wa wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya koya mini liƙi. Ƙafafun na ciro daga wani taragon kaya. Sau huɗu ina yi ina rushewa. Kan ƙusoshin da ke jere a bango da tsinin kusa na buga su ta ciki, ɗaya bayan ɗaya, daga wani tsohon hoto da ubana ke tsaye a kai. Kwal ɗin da ke ciki na gaske ne, na tsinto a bakin tsohon shed na daka a turmi, matata na faɗa.

Kan jirgin har yau bai ƙaru ba, tukunyar ta gagare ni. Amma tendar tana nan a kan kabad.

Baban Sadiku, ka gaishe mini da mai sunan Siddiku. Ka bar shi ya ci gaba da turawa da hannu kafin a samu, mu da gwangwanin sardin muka fara.

Maman Ilham:

Baba Ɗan Fayaman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a ɗauko mana hoton tendar nan don Allah.

Ni dai zan faɗi abin da ba a so. Baban Sadiku, ka lissafa: 12, da 20, da kuɗin aike, da wanda za ka sake kashewa, da zobe da burushi. Kana dab da kuɗin 9F na hannu irin na baya-bayan nan mai inji a cikin kan jirgin, wanda zai yi tafiya a hankali ba tare da gurnani ba. Ni ba na son jirgin da tenda ke turawa. In sandunan ƙafa suka ɗan cije, sai ka ga kan jirgi na zamiya ƙafafu a tsaye, tenda na ta ƙoƙari a baya. Yaro mai lura zai gani.

Da ni ce, sai in sayi kayan haɗin roba na Evening Star da kamfanin Dapol ke sayarwa, wanda asalinsa na kamfanin Kitmaster ne tun farkon shekarun 1960, ya bi ta hannun kamfanin Airfix. Ba shi da tsada, kuma tendar da ke ciki mai kafaɗar ce. Ku zauna da Sadiku ku haɗa ta da gam, ku yi mata fenti, ku maƙala wa naku, a ajiye shi a reshe kamar yana jiran aiki. Ko a sa ƙaramin naku ya riƙa jan sa. Ni da Ilham haka muka yi da wani, kuma ta fi ji da shi a kan masu tafiyar, don hannunta ne a jiki.

Malam Na-Tasha:

Hajiya, lissafinki daidai ne, amma wa ya shigo wannan harka da lissafi? Zamiyar da kika faɗa kuwa ɗigon mai ne maganinta, da daidaita sandunan.

Ɗan Lissafi, ka sassauta. Manyan ma ba su tsira ba. A filin Woodham Brothers da ke Barry a Wales, inda aka tara jiragen kwal don yankawa, guda 213 aka ceto daga baya. Da yawansu sun fito babu tenda, saboda an riga an sayar da tendojin ga masana'antar ƙarfe ta Briton Ferry, an sare jikin ana ɗaukar curin ƙarfe a kan gindin. Masu ceton sun yi shekaru suna aro, suna musaya, wasu suka ƙera sabuwa daga farko. Ko a zamanin aiki ma, jirgi kan shiga gyara da wata tenda ya fito da wata. In Baban Sadiku ya samu baƙa ya fara da ita, ba a kansa farau ba.

Baban Sadiku:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Ɗan Fayaman, na karanta wa Sadiku saƙonka, ya sa na maimaita wurin turmi sau biyu. Yana gaishe ka, ya ce a tambaye ka ko shebur ɗin yana nan.

Ga yadda aka yi. Na kifa nawa kamar yadda Malam ya ce, na ga harsunan tagullar, ɗaya ya ɗan buɗe na matse shi. Lahadin da ta wuce na karɓi hutu, ƙarfe tara ina bakin ƙofar kasuwa da jirgi a aljihun kwat. Na durƙusa gaban kwali ya fi goma, gwiwata har yanzu tana gaya mini. A tebur na kusa da ƙarshe na samu wani baƙin 9F, an taka shi ko an danne shi da wani abu, ɗakin direba ya fashe, bututu babu. Tendarsa na maƙale da shi da zaren roba. Matar ta ce fam 15, na ce 10, muka tsaya a 12. Har ta tambaye ni me zan yi da wannan gawa. Na zaro nawa daga aljihu na saƙala fegin a hudar, ya shiga ƙwas.

A gida na buɗe ta. Gashin kafet ya naɗe haƙoran kamar an yi musu rawani, tsohon mai ya daskare ya zama ƙaro. Na wanke da sifirit da auduga mai tsinke, na sa zobe sabo da burushi. Sifirin ɗaya ya yi tsalle ya ɓace, muka yi rabin awa a ƙasa da tocilan, uwar Sadiku ce ta gan shi a jikin safata. Da na murɗa wuta sai ya yi wani gurnani, ya yi wari kamar na tsohon dutsen guga, ya ɗan girgiza, sai ga shi ya tashi. Yaron bai yi ihu ba, ya kwantar da kumatunsa a kan ƙofar yana kallon sandunan na juyawa. Taragu biyar ɗin duka ya ja, muka ƙara masa gwangwanin tumatir a kan na ƙarshe bai ji ba.

Ɗan Lissafi, ka yi gaskiya. Zagaye na uku ya ɗago ya ce, "Baba, na York bayansa kore ne." Kafaɗar dai akwai, launin ne. Na ba shi labarin Barry, ya saurara har ƙarshe, ya ce to amma na York kore ne.

Hajiya, maganarki ma ta fito: a kan kwanar da ke kusa da taga ƙafafun kan jirgin sukan tsaya cak na ɗan lokaci tenda na tura shi. Na ɗiga mai ya ragu, bai daina ba. Malam, ko akwai wani noti da na ɗaure fiye da ƙima?

Yanzu ƙoƙon sama kore nake nema, shi kaɗai, irin waɗanda na yi wata uku ina tsallakewa ina tsaki. In akwai mai shi a cikinku, ina da baƙar tenda sabuwar ƙira mai soket huɗu, ba ta taɓa hawa layi ba, sai mu yi musaya.